Farar Karkanda da Fataucin Ƙahonta

Duk wanda ya bi diddigin tarihin farar karkanda, wadda a haƙiƙa ba fara ba ce, toka-toka ce kamar 'yar'uwarta da ake kira baƙa, zai tarar dabba ɗaya ce aka ƙaddara wa rabo biyu mabambanta, ɗaya a kudancin Afirka, ɗaya a tsakiyarta.

A ƙarshen ƙarni na 19, bayan maharban Turawa sun yi mata ɓarna da bindiga, ta kudu ba ta kai ɗari ba, dukkansu kuwa sun fake a dajin Umfolozi na ƙasar Zulu, wanda hukuma ta killace a 1895. Da zaman lafiya ya tabbata gare su, kuma a shekarun 1960 mai kula da dajin, Ian Player, da abokan aikinsa suka riƙa harbinsu da allurar sa barci suna kwasa zuwa wasu gandayen daji, sai suka hayayyafa har suka kusan 20,000.

Amma ta arewa, wadda a dā take kiwo daga Chadi zuwa Sudan da Yuganda da Kwango, ajalinta a goshinta yake, domin lokacin da mutanen Yaman suka samu dukiya daga aikatau a ƙasashen mai cikin shekarun 1970, kowane magidanci ya so wuƙar ado, wato jambiya, mai ƙotar ƙahon karkanda, alhali masu magani na ƙasar Sin su ma suna neman garinsa, ko da yake asalinsa ɗaya ne da farcen ɗan'adam, abin da hankali ke mamakinsa. An haramta cinikin ƙahon tsakanin ƙasashe a 1977, sai dai fitina da yaƙe-yaƙe sun fi ƙarfin doka, har ya zama a 1984 saura kimanin 15 a gandun Garamba na Kwango, su ma daga baya aka neme su aka rasa.

Namiji na ƙarshe, mai suna Sudan, wanda aka kama yana ƙarami aka kai gidan namun daji a ƙasar Cek, an kawo shi gandun Ol Pejeta na Kenya a 2009, inda ya mutu ranar 19 ga Maris, 2018, yana da shekara 45. Ya bar 'yarsa Najin da jikarsa Fatu, masu gadi da bindiga na tsaronsu dare da rana.