BAYANI: Dalilin da ya sa kwalin katin 'yan wasa da ba a buɗe ba ke kai miliyoyin daloli

A watan Fabrairun 2024, kamfanin gwanjo na Heritage da ke Amurka ya kaɗa ƙararrawa a kan wani tsohon katan da aka tsinta a gidan wasu iyali a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada. Farashin ya tsaya a dala miliyan 3.72. Abin da ke ciki ƙananan kwalaye 16 ne na katunan 'yan wasan ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, waɗanda kamfanin O-Pee-Chee ya buga a kakar 1979 zuwa 1980, jimillar kati 10,752, kuma babu wanda ya taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu. Cinikin bai faɗa ba, sai aka sake gwanjon a Disamba, aka sayar a kan dala miliyan 2.52.

Mene ne ake saye?

Katin ɗan wasa ɗan guntun kwali ne mai hoton ɗan wasan a gaba da tarihin bajintarsa a baya. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin taba ne ke cusa shi cikin fakitin sigari, daga baya masu cingam suka karɓe sana'ar, musamman Topps na birnin New York. Ana naɗe 'yan katuna da cingam guda cikin takarda mai kaki, a liƙe ta da zafi, a sayar wa yara a kan 'yan sulalla. Yaro kuwa bai san ajiya ba: ya yage, ya tauna, ya yi musaya da abokai. Shi ya sa ƙunshin da ya tsira a rufe ya yi ƙaranci, kuma duk wanda aka buɗe yau ya rage adadin har abada.

Sauran darajar tana cikin lissafin sa'a. A kakar 1986 zuwa 1987 kamfanin Fleer ya fitar da jerin katuna 132 na ƙwallon kwando, cikinsu har da na farko na Michael Jordan, mai lamba 57. Kowane kwali na ɗauke da ƙunshi 36, kowane ƙunshi da kati 12, wato ana sa ran samun Jordan kamar uku a kwali. A 2020 an sayar da katan guda mai kwalaye 12 a kan kusan dala miliyan 1.8. Katan ɗin Kanada ma albarkacin katin farko na Wayne Gretzky ya ci, wanda aka taɓa sayar da guda ɗaya kan dala miliyan 3.75 a 2021.

Sai dai wannan kuɗi na katin da ya samu maki goma bisa goma ne a ma'aunin kamfanin tantancewa na PSA, kuma irinsa ba ya da yawa. Kati kan fito daga sabon ƙunshi da karkataccen hoto, ko tabon cingam, ko dakusasshiyar kusurwa. Saboda haka sau da yawa kwalin ya fi tsada a rufe fiye da abin da za a tarar in an buɗe, masu shi kuma sun san da haka.

Inda gizo ke saƙar

Wannan cinikin biri a sama ne, kuma 'yan damfara sun daɗe da gane hanya. Takarda mai kaki ba ta da wuyar ɓarewa. A zare katin kirki, a mayar da na banza, a bi da dutsen guga. Don haka kasuwar ta jingina a kan masu tantancewa ƙalilan, irin su Baseball Card Exchange na jihar Indiana, waɗanda ke duba kwali su naɗe shi da ledarsu mai tambari.

Su ma ba ma'asumai ba ne. A Janairun 2022 tauraron YouTube Logan Paul ya buɗe katan ɗin katunan Pokémon da ya saya dala miliyan 3.5, wanda wannan kamfani ya riga ya sa wa tambari, sai ga katunan G.I. Joe a ciki. Ba katin wasanni ba ne, amma girgizar ta kai ga kowa, domin leda ɗaya ce aka dogara da ita.

Tsufa kaɗai kuma ba ya sa daraja. Daga wajajen 1987 zuwa 1994 kamfanoni sun buga katuna ba ƙaƙƙautawa, jama'a suka jibge su a ɗakunan ajiya da fatan arziki. Yawancinsu yau ana samunsu da araha.

Akwai kuma wata al'ada da ta bunƙasa lokacin annobar korona: dillali ya raba kwali kashi-kashi, mutane su biya ta intanet, ya buɗe kai tsaye a gaban kyamara, kowa ya kwashi abin da ya faɗo masa. Masu suka na cewa wannan caca ce da aka sauya wa riga, alhali dokokin da ke ɗaure gidajen caca ba su cika hawa kanta ba. A namu ganin, da wuya a musanta zancensu, ganin cewa mafi yawan masu zubin na tashi da katunan da ba su kai kuɗin da suka biya ba.