Yadda Ciwon CLIPPERS Ya Samu Suna

Labarin ya faro ne a asibitin Mayo da ke Rochester a jihar Minnesota ta Amurka. A can ne a 1948 likita Philip Hench ya fara ba mai ciwon sanyin gaɓoɓi sinadarin kotison, wanda Edward Kendall ya sha wahalar tacewa. Sauƙin da aka gani ya girgiza likitoci, har su biyun suka samu kyautar Nobel a 1950 tare da Tadeus Reichstein. Daga nan aka samu dangin magungunan kashe kumburi da ake kira sitiroid, irin su firedinisolon da deksametason.

Shekara sittin da 'yan kai bayan haka, a wannan asibiti dai, Sean Pittock da abokan aikinsa suka lura da wasu marasa lafiya masu kuka iri ɗaya. Mutum yana tafiya yana tangaɗi, yana ganin abu ɗaya biyu-biyu, harshe ya yi nauyi, fuska tana tsikari. Da aka yi musu allurar ruwan haska jijiya aka saka su a na'urar MRI, sai aka ga ɗigo-ɗigo a gindin ƙwaƙwalwa, wajen da take haɗuwa da laka, kamar an barbaɗa masoro. Waɗanda aka ɗebi tsokar wurin aka duba, an tarar fararen ƙwayoyin jini sun yi cincirindo a kewayen ƙananan jijiyoyi. Ana ba su sitiroid sai ɗigon ya dushe; ana janyewa ciwo ya dawo. A 2010 suka buga bayanin mutum 8 a mujallar Brain, suka raɗa wa ciwon suna CLIPPERS, wato harufan farko na kalmomin Turanci da ke bayyana waɗannan siffofi, har da jin sitiroid.

Mutum takwas kacal, amma rubutun ya buɗe ido. Likitoci a Turai da Asiya suka shiga buga nasu rahoton, mutum ɗaya nan, biyu can. Waɗannan rahotannin ne kuma suka tona raunin sunan, domin wasu da aka yi wa wannan hukunci daga baya sai ya bayyana sankarar limfoma ce ke cin su, ita ma tana lafawa na ɗan lokaci idan ta ji sitiroid. Dole a 2017 Oliver Tobin da tawagar Mayo suka fitar da sharuɗɗa masu tsauri, waɗanda suka wajabta a kore sauran cututtuka tukuna.

Wannan gaɓar ce ta fi damuna idan na tuna Karaye da Rogo a jihar Kano. Manomin da ya fara tangaɗi yana ganin biyu-biyu, kemis ne zangonsa na farko, kuma deksa, wato deksametason, na nan a kan kanta, har wasu na shan sa don ƙiba. Zai ji sauƙi kuwa. Sai dai a ƙasarmu tarin fuka, wanda kan hau ƙwaƙwalwa, ya fi CLIPPERS yawa nesa ba kusa ba, kuma sitiroid shi kaɗai yana rufe alamunsa yayin da ƙwayar cutar ke ƙara yaɗuwa. Bambance su na buƙatar hoton MRI, gwajin ruwan laka da likitan ƙwaƙwalwa, abin da ke nufin tafiya birnin Kano, asibiti irin na koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda ya isa can bayan makonni yana haɗiyar deksa, maganin kan riga ya goge ɗigon da likitan ke nema a hoto.