Sa ido kan mai koyon sikanaliz: yaya ake auna shi?

Sikanaliz hanya ce ta jinyar damuwar zuciya da zance, wadda Sigmund Freud ya ƙago a birnin Biyana. Majinyaci yakan zo sau da yawa a mako, ya faɗi duk abin da ya zo masa a rai, likita na saurare yana neman tushen damuwar.

Tsarin horon masu wannan aiki ya kafu a cibiyar Barlin ta ƙasar Jamus, wadda Max Eitingon da Karl Abraham suka buɗe a 1920. Kamar duwatsun murhu, a kan abu uku ya tsaya: a yi wa mai koyo jinyar shi kansa, ya ɗauki darasi, sannan ya karɓi majinyata a ƙarƙashin wani gwani. Wannan na ukun shi ne sa ido. Galibi sau ɗaya a mako mai koyo yake zuwa ya karanta wa gwanin abin da ya rubuta bayan kowane zama.

To, a nan wuyar take. Sufeton makaranta yana shiga aji ya gani da idonsa. Shi kuwa gwanin bai taɓa ganin majinyacin ba, labari kawai yake ji. Kuma mai ba da labarin ya san rahoton gwanin na iya hana shi takardar shaida. Wa zai tona kuskurensa gaban alƙalinsa? Wani bincike da Nicholas Ladany da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 1996, kan masu koyon jinyar zance iri-iri, ya nuna kashi 97 cikin ɗari sun ɓoye wa mai sa musu ido wani abu. Saboda haka jin daɗin zama tsakanin su biyun ba hujja ba ce cewa majinyaci ya amfana.

An nemi mafita. A 1955 Harold Searles ya lura cewa mai koyo yakan yi wa gwani, ba da saninsa ba, irin halin da majinyaci yake yi masa. Ke nan gwani na iya karanta abin da ba a faɗa ba. Joan Fleming da Therese Benedek kuwa, a Cikago, sun naɗi zaman sa ido a kaset suka bi shi dalla-dalla, suka fitar da littafi a 1966. Amma naɗar zaman jinyar kansa, masu sikanaliz da yawa ba su yarda da ita ba: a ganinsu, majinyacin da ya san da kunne na uku a ɗaki ba zai saki baki ba.