Wa ke ɗaukar asarar motar da ba a saya ba? Tarihin faɗan diloli da Tesla a Amurka (Zare)

1/ A jihar Texas hedkwatar Tesla take, a can babbar masana'antarta take, amma mutumin Texas ba zai shiga shagon Tesla ya biya kuɗi a miƙa masa makulli kamar yadda ake yi a fulotin mota ba. Dokar jihar ta hana kamfanin da ya ƙera mota ya sayar da ita da kansa. Asalin wannan doka ya haura shekara 100. Ku gyara zama, zaren yana da tsawo.

2/ Kafin mu yi nisa mu daidaita kalma ɗaya. Dilan mota a Amurka ba dillali ba ne irin namu da zai haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'ada. Shi sayen motar yake yi daga kamfani, ta zama tasa, ya ajiye a fulotinsa har Allah Ya kawo mai saye. Ya fi kama da dilan siminti ko na taki. Ku riƙe wannan, duk labarin a kansa ya rataya.

3/ Farkon zamanin mota babu wani tsari tsayayye. Wasu kamfanoni suna da shagunan kansu, wasu suna tura wakilai gari-gari. Kantin Sears ma ya sayar da mota ta littafin talla tsakanin 1908 da 1912: ka zaɓa a takarda, ka aika kuɗi, jirgin ƙasa ya kawo maka. Wato oda daga gida ba Elon Musk ne ya fara ta ba.

4/ Abin da ya fi ba ni dariya: ɗaya daga shagunan mota na farko a Amurka, wanda William Metzger ya buɗe a Detroit ƙarshen shekarun 1890, motar lantarki yake sayarwa, ƙirar Waverley. A wajajen 1900 kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin da ake ƙerawa a ƙasar masu batir ne.

5/ Abu biyu suka kwantar da ita. Model T ta Ford da ta fito a 1908 a kan dala 850, farashinta ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da dala 300. Sai kuma satata ta lantarki da Cadillac ta kawo a 1912, aka huta da murza hannu a gaban inji. Wannan labarin wata rana ne. Mu koma kan diloli.

6/ Me ya sa kamfani zai yarda wani ya shiga tsakaninsa da mai saye? Saboda masana'antar mota ba ta son tsayawa. Layin haɗa mota kullum yana fitar da ɗaruruwa, ko kasuwa ta buɗe ko ba ta buɗe ba. Masu saye kuwa sai lokacin da suka ga dama. Dole wani ya riƙe motocin a tsakani, ya biya kuɗin fili, ya jure jira. Kamfani ya ga gara wannan wanin ya zama ba shi ba.

7/ To dila da wane kuɗi yake saye? Bashin banki, galibi. Kowace mota da ke tsaye a fulotinsa kuɗin ruwa na hawa a kanta kullum. Shi ya sa in mota ta daɗe, da kansa zai fara neman wanda zai taya. Rangwamen da kake gani ba kirki ba ne, kuɗin ruwa ne ke cizonsa.

8/ Yanzu ga inda ƙiyayyar ta samo asali. A 1919 Henry Ford ya ci bashi mai nauyi ya saye hannun jarin sauran abokan kasuwancinsa, har da 'yan uwan nan biyu na gidan Dodge. Shekara na zagayowa tattalin arziƙi ya karye, cinikin mota ya tsaya cak, ga lokacin biyan bashi ya matso. Manyan bankunan New York sun zuba ido, suna jiran ya zo su ba shi rance su sa hannu a kamfaninsa.

9/ Me ya yi? Ya tattara kayan gyaran da ke ajiye, ya haɗa motoci dubbai, ya loda a jirgin ƙasa ya tura wa dilolinsa ba tare da sun yi oda ba. Sharaɗi: a biya kuɗi hannu da zarar kaya sun sauka. Wanda ya ƙi, a ƙwace masa izinin sayar da Ford. Diloli suka ruga bankunan garuruwansu suka ciyo bashi.

10/ Kun gane wayon? Ford bai ci sabon bashi ba, ya sa dubban ƙananan 'yan kasuwa sun ci a madadinsa. Ya biya nasa, kamfani ya tsira a hannunsa. Ana yawan ba da wannan a matsayin basirar kasuwanci. Ni dai a ganina ƙarfi ne kawai, kashin dankali, babba ya danne ƙarami. Kuma diloli ba su manta ba.

11/ A General Motors ma an sha irin wannan a 1924. Alfred Sloan ya zaga ƙasa ya ga fulotai maƙare da motoci, alhali takardun ofis na nuna komai lafiya. Shi aƙalla ya ɗauki darasi, ya rage ƙira, ya sa diloli su riƙa aiko da rahoton ciniki duk kwana 10. Amma yarjejeniyar dila da kamfani ta ci gaba da zama irin wadda kamfani zai iya sokewa kusan duk sanda ya so.

12/ Diloli suna da makami ɗaya da kamfanoni ba su da shi. Kamfanoni a Detroit suke, diloli kuwa suna kowane gari. Dila shi ne mai ɗaukar nauyin ƙungiyar ƙwallon yara, shi ne mai talla a jaridar gari, shi ne ke ba ɗan majalisar jiha gudummawar kamfen. Ga ƙungiyarsu ta ƙasa, NADA, tun 1917. Daga shekarun 1930 jihohi suka fara yi musu dokokin kariya ɗaya bayan ɗaya.

13/ A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar tarayya da ta ba dila damar kai kamfani kotu in ya zalunce shi. Dokokin jihohi suka ƙara da cewa kamfani ba zai buɗe shago ya yi gogayya da dilansa ba. In ka tuna abin da Ford ya yi, wallahi dokar tana da hujja. An yi ta ne don kare ƙaramin ɗan kasuwa daga ƙaton kamfani. Mai saye ba ya cikin lissafin tukuna.

14/ Shi mai saye sai 1958 aka tuna da shi. Diloli suna tsuga farashi su kuma nuna kamar sun yi ragi. Sanata Mike Monroney ya kawo dokar da ta tilasta manna takardar farashin kamfani a gilashin kowace sabuwar mota. Har yau da sunansa ake kiran takardar. Ba ta hana ciniki ba, ta dai nuna maka inda za ka fara tayi.

15/ Chrysler kuwa a shekarun 1970 ta gwada riƙe kaya da kanta. Tana ƙera motoci ba oda, ta jibge su a filaye a Detroit, ruwa da ƙanƙara na dukansu, sai a bi diloli da waya ana roƙo su ɗauka. Diloli suka gane cewa in suka yi haƙuri zuwa ƙarshen wata za a sallama musu a arha. A Janairun 1975 kamfanin ya fito da tallar nan ta ka sayi mota a mayar maka da wani abu daga kuɗinka. Tun daga nan masu saye suka koyi jiran rangwame.

16/ An yi ƙoƙarin kauce wa tsarin. Saturn ta GM ta zo a 1990 da farashi ɗaya ba ciniki. Ford ta sayi hannu a wasu fulotai ƙarshen shekarun 1990, diloli suka tayar da ƙura, ta janye. Daewoo ta Koriya ta Kudu har ɗaliban jami'a ta ɗauka su tallata mata mota a makarantu. Irinmu kenan fa. Bai yi tsawon rai ba.

17/ Sai Tesla. An kafa ta a 2003, ta buɗe shagonta na farko a Los Angeles a 2008. Hujjarta biyu ce. Ta kasuwanci: dila ya fi samun riba a gareji fiye da sayar da sabuwar mota, motar lantarki kuwa ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa. Me zai sa ya dage wajen tallata ta? Ta shari'a kuma: doka ta hana kamfani gogayya da dilolinsa, ni kuma ban taɓa samun dila ba, da wa nake gogayya?

18/ Kotun ƙolin jihar Massachusetts ta ba ta gaskiya a 2014, ta ce dilolin wasu kamfanoni ba su da hurumin kai ƙara. A shekarar New Jersey ta hana ta, bayan shekara ɗaya Gwamna Chris Christie ya sa hannu a dokar da ta ba ta shago huɗu kacal.

19/ Na Michigan ne ya fi tsaya min a rai. Dokarsu ta ce kamfani ba zai sayar da mota ba sai ta hannun dilolinsa. A Oktoban 2014 'yan majalisa suka cire kalma ɗaya tak, wadda a Hausa ita ce wannan "nsa" ɗin. "Dilolinsa" ta koma "diloli". Shi kenan, ko kana da su ko ba ka da su, sai ka bi ta hannunsu. Gwamna Rick Snyder ya sa hannu. Tesla ta kai ƙara a 2016, sai Janairun 2020 aka yi sulhu.

20/ A New Mexico kuma wata hanya suka bi. A 2021 Tesla ta buɗe shago a Nambé Pueblo, ƙasar 'yan asalin Amurka da dokar jihar ba ta hawa kanta. A Texas har yanzu oda ake yi ta intanet, a takarda cinikin a wata jiha aka ƙulla shi, ko da motar a Austin aka ƙera ta.

21/ To ga ɓangaren da masoya Tesla ba su cika so a faɗa ba. Muddin masu saye sun fi motoci yawa, sayarwa kai tsaye daɗi ne zalla. Mutum ya biya kafin alƙalami ya jira watanni, ribar dila ta shiga aljihun kamfani. Ranar da motoci suka fi masu saye yawa fa? Babu dilan da za a loda wa. Matsalar Ford ta 1920 ta dawo, amma babu mafitar Ford.

22/ Janairun 2023 aka ga zahiri. Dare ɗaya farashin Model Y mai dogon zango a Amurka ya faɗo daga dala 65,990 zuwa 52,990. Wani ɓangare na dalilin shi ne ta shiga ƙarƙashin iyakar dala 55,000 don samun rangwamen haraji na dala 7,500. A ƙasar Sin, inda aka yi irin wannan ragi kwanaki kafin nan, waɗanda suka saya da tsada sun yi cincirindo a shaguna suna neman a mayar musu da bambanci.

23/ Ku duba bambancin. Dila in zai yi ragi, a ofis yake yi, tsakaninsa da mutum ɗaya, mota ɗaya. Maƙwabcinka bai san nawa ka biya ba. Kamfani in ya yi ragi a shafinsa, duniya ta gani, kuma darajar duk wata irinta da ke kan titi ta faɗi a ranar. Kamfanin hayar motoci na Hertz, da ya sanar da odar Tesla 100,000 a 2021, ya sha wannan. A Janairun 2024 ya ce zai sayar da motocin lantarki 20,000, faɗuwar daraja da tsadar gyara na cikin dalilansa.

24/ Wata ukun farko na 2024 Tesla ta ƙera motoci 433,371, ta miƙa 386,810. Sama da 46,000 suka rage a wuyanta. Shi ya sa a shafinta akwai sashen motocin da aka riga aka ƙera, galibi sun fi wadda za ka yi oda arha, musamman in zangon wata uku ya zo ƙarewa ana neman alƙaluman da za a nuna wa masu hannun jari. Tuna dilolin Chrysler masu jiran ƙarshen wata. Yanzu mai saye ne ke wannan jiran.

25/ Mu da yawancin motocinmu na hannu ne, da dama daga gwanjon Amurka suke biyowa ta Kwatano ko Legas, wannan faɗuwar daraja tana iso mana a makare cikin farashin da ake gaya mana a fuloti. Iyakar alaƙarmu da faɗan kenan a yanzu.

26/ Ra'ayina? Dokar da ta hana kamfanin da bai taɓa samun dila ba sayar da kayansa ta wuce gona da iri, kariya ce ta koma shinge. Diloli da yawa yanzu manyan kamfanoni ne masu ɗaruruwan fulotai, ba ƙaramin ɗan kasuwan 1920 ba. Amma masu cewa dila ba shi da amfani ko kaɗan su amsa min: wa zai riƙe mota 46,000?

27/ Faɗan bai ƙare ba. Rivian da Lucid sun bi sahun Tesla, jiha-jiha suke nema. Rangwamen harajin dala 7,500 ya ƙare ranar 30 ga Satumban 2025. Sannan Volkswagen ta farfaɗo da sunan Scout, ta sanar a 2024 cewa kai tsaye za ta sayar. Nan hujjar "ban taɓa samun dila ba" ta yi rauni, don Volkswagen tana da ɗaruruwan diloli a Amurka, ita kuma ta ce Scout kamfani ne daban. Diloli a Florida da California sun shigar da ƙara a 2025, tun kafin mota ko ɗaya ta fito daga masana'antar da ake ginawa a South Carolina.