Elena Ferrante, Marubuciyar da Ta Ƙi Nuna Fuskarta

A shekarar 1991, tun littafinta na farko bai fito ba, wata sabuwar marubuciya ta aika wa kamfanin ɗab'i na Edizioni E/O da ke birnin Rum wasiƙa ɗauke da sharuɗɗa. Ba za ta halarci taro don tallata littafin ba, ba za ta shiga talabijin ba, ko lambar yabo aka ba ta ba za ta je karɓa ba. Mai son hira da ita sai a rubuce. Masu kamfanin, Sandro Ferri da matarsa Sandra Ozzola, suka amince. A 1992 L'amore molesto ya shiga kasuwa da sunan aro, Elena Ferrante.

Daga nan ta yi shiru har shekara goma kafin littafi na biyu.

Abin da ya ɗaga ta shi ne littattafai huɗu da ta fitar tsakanin 2011 da 2014, waɗanda suka fara da L'amica geniale. Labarin ƙawaye biyu ne, Lenù da Lila, 'yan wata unguwar talakawa a birnin Napoli bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Lila ɗiyar mai gyaran takalma ce, ta fi kowa kaifin basira a aji, amma mahaifinta ya hana ta wuce firamare, aka yi mata aure tana shekara 16. Lenù kuwa ta ci gaba da karatu har ta zama marubuciya. Duk wadda ta taɓa yin aminiyar da take ƙauna kuma take kishi, za ta ga kanta a ciki. Ann Goldstein ta fassara su zuwa Turanci, sannan tashoshin talabijin na HBO da RAI suka mayar da su shiri mai dogon zango a 2018.

Da suna ya yi nisa, sai aka shiga farautarta. A watan Oktoban 2016 ɗan jarida Claudio Gatti ya tono bayanan kuɗin da kamfanin ya biya da takardun sayen gidaje, ya nuna wata mai fassara da ke Rum ya ce ita ce. Marubuta da dama suka yi masa ca, kuma suna da gaskiya, don baiwar Allah ba kuɗin gwamnati ta ci ba, ba ta kuma zalunci kowa ba. Shekara ɗaya bayan haka masu bincike a Jami'ar Padua suka auna salon rubutunta da kwamfuta, suka ce ya fi kama da na marubuci Domenico Starnone. Shi kuwa ya sha musantawa.

Duk wannan bai sa ta fito ba. A 2019 ta saki sabon littafi, La vita bugiarda degli adulti, da sunan nan dai, a kamfanin da ya riƙe mata amana tun farko.