Yadda Wasan Dattawa Ya Shiga Waya a Ƙasar Ɗambatta

A ƙasar Ɗambatta damina guda ce, kuma gajeriya. Ruwa kan zauna daga wajen Yuni zuwa Satumba, a yi shuka, a yi noma da maimai, a yanke gero, a girbe dawa, a cire gyaɗa. Daga nan sai rani, wata bakwai ko fiye. Mai gona a bakin madatsar ruwa ta Tomas ya shiga noman rani, samari su ɗaura kaya su tafi ci-rani Kano ko Legas ko Fatakwal, masu furfura kuma su zauna tsaron gari. Duk mai son ya gane yadda aka yi mutum mai shekara sittin yake sunkuyar da kai a kan waya yana buga ludo da wani da ke can bakin teku, to daga wannan dogon rani zai faro.

Tun kafin boko, dattawan ƙasar Hausa suna da abin da suke cinye hantsi da shi, wato dara. Ba ta buƙatar a sayi komai. A share ƙasa a gindin darbejiya ko tsamiya, a tona gurabe talatin, layi biyar a kan shida. Kowa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, wannan da guntayen kara, wancan da tsakuwa, don kada su cakuɗe. Da farko a jera su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ka haɗa uku a layi ba tun ana jerawa. Sai an gama sannan a fara turawa, gida ɗaya gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya ci, ya ɗauke ɗan abokin karawarsa guda. Gwani shi ne mai kafa tarkon da duk motsin da ya yi ci ne: ya buɗe nan ya rufe can, ya dawo ya sake rufewa, har ɗaya ɓangaren ya tsiyace. A Nijar ma ana buga ta, a wasu wurare da sunan dili. Akwai kuma ɗaya darar mai ramuka goma sha biyu da ake zagaya 'ya'ya a ciki, wadda mata da yara suka fi yi.

Mutum biyu ne ke bugawa, amma dara ta majalisa ce gaba ɗaya. 'Yan kallo sun fi 'yan wasa zafi. Wani ya yi gyaran murya don ya ankarar da nasa, a ce masa, "Malam, bakinka alaikum." Wani ya tuno cin da aka yi wa mutum shekara goma da suka wuce. Ana cikin haka a ji farashin buhun gero a kasuwar Lahadi, a ji wanda ba shi da lafiya, a shirya tafiya gaisuwar mutuwa. Sannan wasa ne na sa'o'i. Uba ba ya zama ya buga da ɗansa, balle ɗan fari wanda ko sunansa ba a kamawa. Wannan kunya tana da muhimmanci a labarin nan, domin har yau ita ke tsara wa zai buga da wa, ko da a waya ne.

Malamai ba su taɓa sakar wa wasa mara gaba ɗaya ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kusan duk ɗalibin zaure ya karanta, ta hana wasan nardi mai jefa ƙwaya, ta hana shaɗaranji, har ta karhanta zama wurin masu yi. Shi ya sa aka daɗe ana yi wa mai yawan zaman dara kallon wanda ba shi da abin yi, kuma da an kira salla ake shafe gidajen da ƙafa. Wasannin da suka zo daga baya sun tarar da wannan ma'auni yana jiransu: akwai kuɗi a ciki? Yana hana salla? Yana hana nema?

Zamanin Turawa ya kawo wasannin kwali. Ludo asalinta pachisi ce ta Indiya, aka sauƙaƙa ta aka yi mata rajista a Ingila a 1896. Kartar Whot ma a Ingila aka ƙirƙiro ta a shekarun 1930, amma a Najeriya ta samu gida. 'Yan makaranta da ma'aikata da direbobi suka yaɗa su, kuma gari irin Ɗambatta da ke kan hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura bai sha wahalar samunsu ba. Karta ta yi baƙin jini saboda caca. Ludo kuwa ta shige cikin gida, ta zama kayan ɗakin amarya, abin da 'yanmata da ƙannen miji ke taruwa a kai.

Gem na talabijin ya iso ne a ƙarshen shekarun 1980 da cikin na 1990. Nintendo ya fitar da na'urarsa ta Famicom a Japan a 1983, Super Mario ya biyo baya a 1985, amma abin da ya cika kasuwar Sabon Gari galibi kwaikwayo ne mai araha, da kaset mai ruwan ɗorawa wanda sai an hura masa iska da baki kafin ya kama. Sai Sega, sai PlayStation ta Sony a 1994, sai ta biyu a 2000. Ƙalilan ne ke da su a gida. Saura sai gidan gem: shago ɗaya, benci biyu, talabijin mai ƙeya, ƙaramin janareto yana ƙara a waje saboda NEPA ba ta da tabbas, yara sun yi layi da canjinsu a hannu suna jiran Mortal Kombat ko ƙwallon Winning Eleven. Iyaye sun tsani wurin, kuma suna da hujja, domin ya cinye kuɗin tara da lokutan Islamiyya ba kaɗan ba. Sai dai a yi lissafi. Yaron da yake da shekara 15 a 1995 ya kai 45 a 2025. Yau shi ne maigida, shi ne malamin makaranta, wataƙila ma ya aurar da 'ya. Yatsunsa ba su manta ba.

Waɗanda suka girme shi ta wata ƙofa suka shigo. Ma'aikatan ofis sun fara da kartar Solitaire da Microsoft ya saka a kwamfuta tun 1990 don mutane su saba da linzami. Amma babbar ƙofa ita ce salula. A Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisi, kowanne a kan dala miliyan 285, a watan Agusta kuma MTN da Econet suka fara aiki, a ƙasar da layukan tarho masu aiki ba su kai rabin miliyan ba. Glo ya shigo a 2003, farashin layi ya fara saukowa. Cikin Nokia 3310 da 'yan'uwanta akwai wasan maciji, mai cin ɗigo yana ƙara tsawo har ya sari kansa. Ba ya buƙatar Turanci, ba ya cin kati. Ɗan kasuwar da ke jiran mota ta cika ko manomin da ke jiran layi a asibiti ya iya shi cikin minti biyar. A ganina wannan maciji ne ya fara cire wa manya nauyin a gan su suna danna waya don nishaɗi kawai, tunda babu mai sanin ko lamba kake nema.

Shekaru goma bayan haka wayoyin shafa masu araha, Tecno da itel da Infinix, suka cika kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano, daga can suka gangaro ƙauyuka. Kowane gari ya samu mai cajin waya, wanda kuma shi ne mai tura fina-finai da wa'azi da gem a kan 'yan kuɗi kaɗan. A 2013 WhatsApp ya ƙara saƙon murya, kuma ban san wani canji da ya yi wa dattijon karkara amfani kamar wannan ba: wanda bai yi boko ba ya daina neman mai rubuta masa. Ya danna, ya yi sallama, ya faɗi abin da ke ransa. Ɗambatta tana da nata hannu a wannan babi, domin ɗanta Farfesa Umar Garba Ɗambatta ne ya shugabanci NCC daga 2015 zuwa 2023, shekarun da intanet mai sauri ta tashi daga hannun tsiraru ta kai sama da kashi 40 cikin ɗari na 'yan ƙasa.

A 2016 wani kamfanin Indiya mai suna Gametion ya fitar da Ludo King. Babu wata sabuwar dabara a cikinta, ludon da kowa ya sani ce, kuma wannan ne ƙarfinta. Mutum huɗu za su iya zagaye waya guda a kan tabarma, kowa ya taɓa idan layinsa ya zo, ba tare da data ba. Za ka kuma iya buɗe ɗaki na kanka, ta ba ka lamba, ka tura wa abokinka, ya shigo daga inda yake.

Sai annobar korona. A Afrilun 2020 aka kulle Kano, kasuwanni da makarantu suka tsaya, azumi ya kama mutane a gida. A makonnin nan jihar ta yi rashin dattawa da yawa, malamai da 'yan kasuwa da masu sarauta, kuma kusan kowace majalisa tana da gurbin da bai sake cikuwa ba. A duniya baki ɗaya wannan ne lokacin da Ludo King ta yi tashe, har adadin sauke ta ya haura miliyan 500 kafin ƙarshen 2021. A wajenmu 'ya'ya da jikoki da ke zaune a gida ne suka saka wa manya ita, da irin su Candy Crush, don yini ya yi gajarta. Da aka buɗe gari, ba a goge su ba.

A wasu ƙasashe abin ya yi nisa har ya samu suna da tsari. Hamako Mori ta Japan, haifaffiyar 1930, ta shiga kundin Guinness tana da shekara kusan 90 a matsayin mafi tsufa cikin masu nuna wasan gem a YouTube. 'Yar ƙasarsu Masako Wakamiya ta ga ba a yi wa tsofaffi wasan da ya dace da hannunsu ba, sai ta koyi rubuta manhaja ta fitar da nata, Hinadan, a 2017, tana da shekara 81. A shekarar ce kuma aka kafa Silver Snipers a Suwidin, ƙungiyar 'yan sama da sittin masu shiga gasar Counter-Strike. Dalilinsu a bayyane yake. Kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanen Japan sun haura 65, da yawansu su kaɗai suke kwana su tashi, don haka zauren intanet ne majalisarsu. A Najeriya masu waɗannan shekaru kusan kashi 3 ne, kuma tsohon Ɗambatta ba ya rasa mai yi masa sallama. Abin da yake rasawa sa'ansa ne, abokin da suka yi kaciya tare, wanda neman abinci ya zaunar a Legas ko Makka. Shi ya sa zaurukan wasan dattawanmu ba su ɗauki kamannin ƙungiyar 'yan gem ba. Suna cikin zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, na 'yan fansho, na zuri'ar gida ɗaya. A nan ne tsakanin sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa wani zai jefo lambar ɗaki bayan isha'i, ya bi ta da murya: "Alhaji, in ka isa ka shigo, jiya gudu ka yi."

Ina ganin alheri a cikin wannan, kuma ina ganin inda ake jin tsoro. Wayar da ke ɗauke da ludo ita ce ke ɗauke da cacar ƙwallo, kuma akwai manhajojin ludo da ake zuba kuɗi. A 2024 Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca da dama a Kano, amma shagon da ke cikin aljihu ba ya rufuwa da kwaɗo. Ga tsadar data, wadda ta ƙaru bayan NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da intanet har kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Ga rubutu ƙanana da Turanci, ga tallace-tallacen da ke faɗowa tsakiyar wasa, wasunsu ba su dace da idon kowa ba, balle mai jikoki a gefe.

Saboda haka har yanzu dattijo yana buƙatar ɗan jagora, kuma al'ada ta riga ta tanadar masa shi. Kunyar da ta raba uba da ɗa ba ta shafi kaka da jika ba, su abokan wasa ne. Kaka mace ta kira jikanta "maigidana", kaka namiji ya kira jikarsa "amarya", a yi ta tsokanar juna babu laifi. Jika ne ke ƙara wa Kaka girman rubutu, ya nuna mata inda za ta taɓa ta kore talla, ya kashe mata data idan an gama. Shi ne kuma zai iya cinye ta ya yi mata dariya a fuska, ita kuma ta ce, "Ja'iri, sake jefawa, wannan ban shirya ba." Mata tsofaffi, waɗanda darar gindin bishiya ba ta taɓa zama tasu ba, ta nan suka fi shigowa. Ba'amurkiya Shirley Curry, haifaffiyar 1936, wadda ta tara mabiya sama da miliyan guda a YouTube da wasan Skyrim, jikokinta take kiran masu kallonta. Ita sai da ta shiga intanet ta tara su. Hajiya a Ɗambatta nata suna tsakar gida, suna jiran ta gama lazimi su karɓi wayar.