Kama haya a benayen ɗalibai na Yaba da Akoka: Tsarin kuɗi da tanadin doka

A yankin Yaba da Akoka da Bariga da ke birnin Legas akwai wasu gidajen haya da suka fita daban da saura. Benaye ne da aka yayyanka su ƙananan ɗakuna, kowanne da banɗakinsa da ɗan wurin girki, wasu kuma ciki da falo, kuma akasarin mazaunansu ɗalibai ne. Dalilin yawaitarsu a bayyane yake. A wannan yanki Jami'ar Legas take, wadda aka kafa a 1962, da Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda tarihinta ya faro daga 1947, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Akoka. Ɗakunan kwanan waɗannan makarantu ba su isar ɗaliban da suke ɗauka, don haka ragowar sai su bazama cikin unguwa. Haka abin yake a Idi-Araba, inda Kwalejin Koyon Aikin Likita ta jami'ar take, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama a cikinta.

Ba ɗalibai kaɗai ke neman ɗaki a irin waɗannan gidaje ba. Masu yi wa ƙasa hidima da ƙananan ma'aikata da aka yi wa sauyin wurin aiki su ma suna shiga layi, saboda kusanci da tsibirin Legas ta Gadar Third Mainland. Wannan rububi ne ya sa mai gida da dillali suke da ƙarfin faɗa a ji, mai neman ɗaki kuwa yakan biya kafin ya karanta abin da ya sa wa hannu.

Kuɗin da ake faɗa da wanda ake biya

Kuɗin hayar shekara da dillali ke ambata ba shi ne abin da za a fitar daga aljihu ba. A bisa al'adar Legas, ana ɗora masa la'adar dillali, wadda aka saba kashi 10 cikin 100 ce, da kuɗin rubuta yarjejeniya, shi ma kashi 10, sai kuɗin ajiya na ko-ta-kwana da ake riƙewa saboda ɓarna, sannan kuɗin hidima na shekara. A misali, ɗakin da aka ce naira miliyan ɗaya ne ya riga ya zama miliyan ɗaya da dubu 200 kafin a zo maganar ajiya da hidima. A lokacin komawa makaranta wasu dillalan kan nemi fiye da wannan kaso, kuma da yawa suna karɓar kuɗin zuwa duba ɗaki, ko an daidaita ko ba a daidaita ba.

Kuɗin hidima ne wurin da aka fi samun saɓani. A cikinsa ake lissafa albashin maigadi, da man janareta, da gyaran famfon da ke tura ruwan burtsatse zuwa tanki, da kwashe shara, da share farfajiya. Tun da ba shi da ƙayyadadden adadi, mai kula da gida na iya ƙara shi a tsakiyar shekara da hujjar tsadar mai. Wutar lantarki ma haka. Tun daga Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla sa'o'i 20 a rana, tambayar ko ɗaki yana da mitarsa ta kati ko kuwa mita ɗaya ake rabawa ta zama tambaya mai nauyi. Inda ake rabawa, wanda ba shi da komai sai fanka da cajar waya yakan taya mai na'urar sanyaya ɗaki biyan kuɗi.

Abin da doka ta tanada

Dokar Haya ta Jihar Legas, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu a 2011, ita ce ginshiƙin hulɗar mai gida da ɗan haya. Ba ta aiki a Apapa da Ikoyi da Victoria Island da unguwar GRA ta Ikeja, amma Yaba da Akoka da Bariga suna ƙarƙashinta. Akwai kuma wata togaciya da ta shafi ɗalibai kai-tsaye: dokar ba ta hau kan gidajen da makaranta ta mallaka ko take gudanarwa domin ɗalibanta da ma'aikatanta ba. Ke nan ɗakin kwanan jami'a yana bin ƙa'idar jami'a ne, benen ɗan kasuwa da ke wajen harabarta kuwa yana bin dokar jiha, ko da an rubuta masa sunan masaukin ɗalibai a jikin bango.

Dokar ta hana karɓar hayar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, laifin bai tsaya kan mai karɓa ba, har da mai bayarwa, kuma hukuncin shi ne tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata uku. Uban da ya biya wa ɗansa shekara biyu a lokaci guda don ya huta, shi ma ya saɓa wa doka.

Ta kuma wajabta bayar da rasit mai ɗauke da kwanan wata, da sunan mai gida da na ɗan haya, da bayanin ɗakin, da adadin kuɗin, da tsawon lokacin da aka biya wa. Kuɗin ajiya da na hidima suna da rasit nasu daban, kuma ɗan haya yana da haƙƙin a ba shi rubutaccen bayanin yadda aka kashe su aƙalla duk wata shida. Wannan tanadi na daga cikin mafi amfani a dokar, kuma shi ne ba kasafai ake nema ba.

Game da tashi, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai biyan wata uku ko shida yana da na wata uku, mai biyan shekara-shekara kuwa wata shida. Sai dai a nan akwai wurin tuntuɓe. Mafi yawan yarjejeniyoyin gidajen ɗalibai na ƙayyadadden wa'adi ne, daga rana kaza zuwa rana kaza. Idan irin wannan wa'adi ya cika, ba a buƙatar notis na wata shida. Sanarwar kwana bakwai ta niyyar zuwa kotu ta wadatar. Duk da haka kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da mutum. Mai gidan da ya cire rufi ko ƙofa, ko ya yi barazana don ya tilasta wa ɗan haya fita, yana fuskantar tarar da za ta iya kaiwa naira dubu 250 ko ɗaurin wata shida.

Sunan wa ke kan takarda?

Duk wannan kariya tana bin wanda mai gida ya sani ne a matsayin ɗan hayarsa. A benayen ɗalibai kuwa an saba mutum ɗaya ya kama ɗaki da sunansa, sannan ya nemo abokan zama biyu ko uku su raba kuɗin, ko ma ya sayar wa wani ragowar watanninsa idan ya kammala karatu. Dokar ta hana ɗan haya bai wa wani hayar ɗakin ko wani sashensa ba tare da rubutaccen izinin mai gida ba. Don haka wanda ya biya abokinsa kuɗi ya shiga ba shi da rasit daga mai gida, kuɗin ajiya ba a hannunsa za a mayar ba, kuma ranar da aka samu saɓani ba shi da takardar da zai nuna. Hanya mafi aminci ita ce a rubuta sunan kowane mazauni a yarjejeniyar tun farko, tare da kason da ya biya.

Wani abin da iyaye kan manta shi ne, hayar tana bin kalandar shekara ne, ba zangon karatu ba. A yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai sun koma gida, ɗakuna na kulle, haya kuwa tana ci. Ga wanda gidansu ke Kano ko Sakkwato, yana da kyau a nemi a sa sharaɗi a rubuce na abin da za a yi idan makaranta ta rufe na tsawon lokaci, ko da ba kowane mai gida ne zai amince ba.

Kafin a biya

Damfarar da ta fi yawa a wannan yanki ita ce ta dillalin da ke nuna ɗaki ɗaya ga mutane da dama ya karɓi kuɗin kowa. Jihar Legas tana da hukumar LASRERA da ke yi wa dillalan gidaje rajista, kuma ana iya neman dillali ya nuna shaidar tasa. Ya fi dacewa a ga mai gida ko lauyansa ido da ido, a biya ta banki a asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan yarjejeniya, kuma a ɗauki hoton ɗakin ranar shiga, domin shi ne hujja ranar neman kuɗin ajiya.

Lokacin duba ɗaki ma yana da tasiri. Sassan Bariga da Iwaya da ke gefen ruwa kwari ne, kuma ɗakin ƙasa da ya yi kyau a watan Janairu na iya zama wani abu daban a Yuni da Yuli. Alamar ruwa a gindin bango da tambayar maƙwabta sun fi bayanin dillali gaskiya.

Idan rikici ya taso, ba lallai ne a fara da kotun majistare ba. Cibiyar Sasanta Jama'a da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta jihar tana sauraron ƙorafin masu gida da 'yan haya kyauta, kuma tana da ofisoshi a sassa daban-daban na Legas. Abin da za a fara tambayar mai ƙorafi a can shi ne rasit da yarjejeniya.